Allurar Rigakafin Dabbobi: In Ba a Tace Ta Ba, Gwajin Jini Zai Yi Ƙarya

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma babu makiyayin da zai musanta haka. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba a duk lokacin da hukumomi suka ƙaddamar da allurar dabbobi: shin an tace allurar nan yadda ya kamata? Bari mu ɗauki misalin ciwon baki da kofato, wanda kan hana saniya kiwo, ya ƙafar mata da nono.

Wajen haɗa allurarsa, ana rainon ƙwayar cutar ne a ɗakin bincike, sannan a kashe ta. A yayin rainon, ƙwayar kan samar da sinadarai iri biyu: waɗanda suka gina jikinta, da waɗanda take amfani da su wajen hayayyafa kawai. Na farkon ake buƙata. Na biyun kuwa dusa ce, wajibi ne a tankaɗe ta a zubar.

Dalili shi ne, idan likitocin dabbobi suka fita neman inda cutar ta ratsa, sukan ɗebi jini su duba ko jiki ya taɓa yaƙar sinadaran hayayyafar nan, domin dabbar da cutar ta kama ce kaɗai ya kamata ta nuna wannan alama. To, idan da dusa a cikin allura, saniyar da aka yi wa ita ma sai ta nuna. Ga shi kuma kariyar ba ta cika wuce wata shida ba, dole a riƙa maimaitawa, kowane zagaye kuwa ƙara fito da alamar yake yi. Ta haka lafiyayyen garke kan zama abin zargi, a killace shi, a hana shi kasuwa, hukuma kuma ta kasa sanin ainihin inda cutar take.

Duniya ta ɗanɗana kuɗar rashin iya bambancewa. A shekarar 2001 Birtaniya ta hallaka dabbobi sama da miliyan 6 ba tare da ta yi allura ba, ƙasar Holan kuwa ta yi, amma daga baya ta yanka waɗanda ta yi wa domin ta maido da matsayinta a kasuwar duniya. Haka nan cutar bushiya, wadda aka bayyana kawar da ita a 2011, sai da ƙasashe suka daina allurarta kafin gwajin jini ya iya tabbatar da cewa ta gushe.

Saboda haka, araha kada ta ruɗi gwamnatocinmu. Muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ga kuma cibiyar Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha, wadda aikinta shi ne tantance ingancin alluran dabbobi. Kamata ya yi kafin a sayi kowace allura a nemi shaidar an tace ta, a kuma riƙa rubuta garken da aka yi wa da ranar da aka yi. Makiyayin da ya miƙa dukiyarsa bisa amana bai cancanci maganin da zai koma shaida a kansa ba.

Allah ya sa masu ruwa da tsaki su ji.