Yawon Buɗe Ido a Kan Keke: Daga Kurmin Mashi Zuwa Bakin Ruwa da Daji

Yawancinmu mun ɗauki keke abin aike ne kawai, a kai niƙa, a je kasuwa, a zo makaranta. Amma yana da wani amfani wanda ba mu cika lura da shi ba, wato fita yawon sanin ƙasa. Wanda ke cikin mota wuce ƙasa yake yi, itatuwa suna gudu ta taga. Mai tafiya a ƙafa yana ganin kome, sai dai ba ya nisa. Mai keke shi ne a tsakiya. Yana iya cin kilomita 12 zuwa 15 cikin awa guda ba tare da ya galabaita ba, kuma duk inda ya ga abin kallo sai ya taka burki ya sauka.

Wannan irin yawo ba sabon abu ba ne. Tun a 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawo da keke a Ingila. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, mai sarƙa, irin wanda muke hawa yau. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska. A ƙasarmu keke ya daɗe yana kai malaman makaranta da malaman gona da masu wa'azi ƙauyukan da mota ba ta shiga.

Abin da sunayen unguwanni ke faɗa

Kafin mu fita gari, mu dubi sunayen da muke kira kullum. Kurmi shi ne daji mai duhuwar itatuwa, galibi a gefen rafi. Kawo da doka da rimi duk sunayen itatuwa ne, ga shi kuwa muna da Kawo da Doka da Unguwar Rimi. Kaduna kanta, bisa ga abin da aka fi sani, daga kadduna ta samo suna, wato jam'in kada. Ashe garin da ya zama hedkwatar Arewa a 1917 a cikin daji da bakin kogi aka kafa shi. Yau ɗalibi zai iya gama aji shida a Kurmin Mashi bai taɓa ganin kurmi ba, bai kuma iya bambanta doka da kawo ba. Wannan rashi ne, kuma keke na iya rage shi.

Wurare uku

Na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne bakin Kogin Kaduna a lambun Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A nan ne ƙaramar gadar Lugard take, wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka kawo ta Kaduna a 1954. Tafiyar safiya ɗaya ce, ta dace da 'yan ƙananan azuzuwa.

Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi. Daga Kawo a bi hanyar Zariya, a wuce Rigachikun, a Mararrabar Jos a karya dama. An gina madatsar a shekarun 1970 a kan rafin Kangimi, wanda ke zuba cikin Kogin Kaduna. Dalilin gina ta shi ne kogin yakan ja baya ƙwarai da rani. Sai a tara ruwa da damina, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin da kogin ya yi ƙasa, domin a sami na tacewa a aika wa gari. Wanda ya tsaya a bakin wannan tafki zai gane cewa ruwan famfo ba daga famfo yake farawa ba. Zai ga masunta da komarsu, da karfasa da tarwaɗa, da masu noman rani suna ban ruwa. Da sassafe kuma ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga balbela tana bin shanu. Wannan tafiyar yini ce cur, ta manyan ɗalibai.

Na uku shi ne gandun dajin Afaka, bayan Mando, ta hanyar Birnin Gwari, wanda aka keɓe a 1954. A can aka dasa itatuwan da aka kawo daga waje, irin su turare da malaina, kusa da na gida, wato doka da maje da kirya da kaɗanya da ɗorawa. Masu saran itace da masu gawayi da masu gini sun ci wani sashe mai yawa na gandun. Sa'an nan a Maris 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka suka sace ɗalibai 39, sai bayan kusan wata biyu aka sako na ƙarshensu. Saboda haka ba wurin da ɗalibai za su nufa da ra'ayin kansu ba ne. Sai hukumar makaranta ta tambayi jami'an tsaro da masu kula da gandun, in sun ce a dakata, a dakata.

Lokacin da ya dace

Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Ruwan sama ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, tafki yana cike, rana kuma ba ta da zafi sosai. A watan Agusta laka da cikar rafuka sukan tare hanya, a Maris da Afrilu kuwa zafi yana iya kayar da mutum. A tashi da hantsi bai yi ba, a huta a inuwa da tsakar rana, a dawo gida kafin faɗuwar rana.

Shirin keke da na mahayi

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kwana ɗaya kafin tafiya a kai keke wurin mai gyara, ya duba burkin gaba da na baya, ya ɗaure duk abin da ya kwance, ya sa wa sarƙa mai. A daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa, gama sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa. A ɗauki famfo da sifana da kayan faci, domin ƙaya ba ta da wuya a hanyar daji. Kowa ya koyi yin faci da kansa: a ciro tif, a hura, a tsoma cikin ruwa a ga inda kumfa ke fita, a goge wurin, a shafa sholisho, a bari ya sha iska, sa'an nan a manna.

Mahayi kuma ya ci abinci kafin ya tashi, ya riƙe ruwan sha mai tsabta da guzuri mara nauyi, kamar ƙuliƙuli da dabino da gyaɗa. Idan wani ya galabaita saboda zufa, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa, ya riƙa kurɓa a hankali.

Abubuwan kiyayewa

A kan babbar hanya a jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ban da tsere. A bakin tafki kada kowa ya shiga wanka. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance yakan ɗauki cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ƙwayarta tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. A daji kada a kunna wuta, gama ciyawar kaka kamar fetur take. In an isa ƙauye a fara zuwa gaida mai unguwa, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutane. Baƙon da ya yi sallama ba ya rasa mai nuna masa hanya. Kada kuma a fita sai da izinin iyaye da na shugaban makaranta, an san hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

A ƙarshe, ga shawara ga ƙungiyoyin makaranta. Kowane mahayi ya tafi da ƙaramin littafi, ya rubuta sunan kowace itaciya da kowane tsuntsu da ya gani, wanda bai sani ba ya tambayi dattawan wurin. A ajiye littattafan a laburare. Bayan shekara 10, waɗanda suka biyo bayanmu za su bi hanyar nan da littafin a hannu, su ƙirga abin da ya rage da abin da ya ɓace. Mutum ba ya kare abin da bai san sunansa ba, kuma gani ya kori ji.