Dogon Hutu da Yaran da Karatu Ke Yi wa Wuya: Abin da Ikilisiya Za Ta Iya Yi

Kowace Lahadi muna ganinsu a Makarantar Lahadi. Malama ta miƙa wa yaro ɗan aji huɗu Littafi Mai Tsarki ya karanta aya ɗaya, sai ya sunkuyar da kai, ko ya ce idonsa na ciwo, ko ya nemi izinin zagayawa. Ayar haddacewa kuwa zai kawo ta tiryan-tiryan, domin da kunne ya ɗauke ta. Yaron yana da kai, karatu ne bai zauna masa ba. Irinsa suna da yawa. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da wasu ƙungiyoyi suka fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, yara 70 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusan kai tara cikin goma.

A wannan darasi za mu duba lokaci ɗaya na shekara da ya fi cutar irin waɗannan yara, wato dogon hutu, da abin da ikilisiyar ƙauye ko ta unguwa za ta iya yi a cikinsa ba tare da jiran taimako daga waje ba.

Me ke faruwa da yaro a dogon hutu?

Daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantu a rufe suke. Ɗan mai hali yakan tafi lesin na kuɗi, a gidansu akwai littattafai, akwai kuma mai zama da shi. Ɗan talaka kuwa hutun ya faɗo masa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Yana gona, ko kiwo, ko talla, ko goyon ƙanne. Makonni shida ko bakwai za su wuce bai haɗa ido da rubutu ba. Wanda karatunsa ya riga ya zauna ba zai yi asara sosai ba. Amma wanda yake kan haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ɗan abin da ya kama yakan sulale, ya koma sabon aji da ƙasa da abin da ya baro tsohon da shi.

A Amurka, inda hutun bazara yakan kai wajen wata biyu da rabi, an daɗe ana nazarin wannan. Wata masaniya mai suna Barbara Heyns ta bi diddigin ɗalibai a birnin Atlanta, ta wallafa sakamakon a 1978. Ta gano cewa yawan littattafan da yaro ya karanta a hutu, da zuwansa laburare, suna da alaƙa mai ƙarfi da ci gaban karatunsa. A 1982 kuma Karl Alexander da Doris Entwisle suka fara bin yara kusan 800 a birnin Baltimore tun daga aji ɗaya. Sun lura cewa muddin makaranta tana buɗe, 'ya'yan talakawa suna ci gaba kusan daidai da 'ya'yan masu hali, a lokacin hutu ne tazarar take buɗewa. Sun kwatanta abin da famfo. Idan makaranta tana ci, famfon ilimi a buɗe yake ga kowa. Da an ba da hutu sai a rufe shi, mai rijiya a gida ya ci gaba da sha, marar rijiya ya zauna da ƙishi. Masu bincike na baya-bayan nan sun yi jayayya a kan girman wannan asara, wasu sun same ta ƙasa da yadda aka fara zato. Duk da haka babu mai musun cewa yaron da ba ya taɓa littafi ba zai ƙara gwaninta a karatu ba.

Akwai wani suna da masanan karatu suka aro daga wurinmu. A 1986 Keith Stanovich ya kira wannan hali "tasirin Matta", saboda misalin talanti a Matta sura 25, inda aka ƙara wa mai abu, aka kuma karɓe ɗan abin da ke hannun marar shi. Yaron da ya iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, ya ƙara iyawa. Wanda yake shan wuya yana gudunsa, sai ya ƙara zama a baya. Ubangijinmu yana magana ne a kan amincin bawa, amma kwatancin ya dace da abin da muke gani a ajinmu.

Me ya sa wannan ya shafi ikilisiya?

Bangaskiyarmu a rubuce ta zo mana. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'a, Lawiyawa kuma suka bi suna fassarawa har mutane suka fahimta. A Luka sura 4, Yesu da kansa ya miƙe ya yi karatu a majami'ar Nazarat. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da mutumin Habasha yana karanta Ishaya bai gane ba, ya hau karusa ya zauna kusa da shi ya bi da shi. Wannan zama kusa da mai karatu shi ne aikin da muke magana a kai.

Makarantar Lahadi ma da koyar da karatu ta soma. A wajen 1780, a garin Gloucester na Ingila, Robert Raikes ya ga 'ya'yan talakawa suna aiki kwana shida a mako ba su zuwa makaranta, sai ya shirya a riƙa tara su ranar Lahadi ana koya musu karatu, da Littafi Mai Tsarki a matsayin littafin aji. A ƙasarmu kuma, da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ajin koyon karatu ya zama abokin tafiyar ajin baftisma a wurare da yawa. Da yawa cikin kakanninmu a gindin bishiya kusa da majami'a suka fara sanin baƙi. Idan muka koma ga wannan aiki, gadonmu ne muka ɗauka.

Abubuwan da aka gwada suka yi amfani

Na farko, littafi a hannun yaro, wanda shi ya zaɓa. A jihar Florida, Richard Allington da abokan aikinsa sun bai wa yara fiye da 800 daga makarantun unguwannin talakawa damar zaɓar littattafai 12 kowannensu kafin hutu, shekara uku a jere. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna yaran sun fi takwarorinsu da ba su samu littattafan ba a jarrabawar karatu, kuma mafi talauci a cikinsu ne suka fi amfana.

Na biyu, babba mai sauraro. Binciken James Kim na jami'ar Harvard ya nuna cewa littafi yakan fi amfani idan ya yi daidai da ƙarfin yaro, kuma akwai malami ko iyaye da suke sa shi ya karanta da murya, su tambaye shi abin da ya gane.

Na uku, a fara daga inda yaro yake. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da hanyar raba yara bisa ga abin da suka iya, ba a duba ajinsu ko shekarunsu. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada hanyar, suka ga ko masu aikin sa kai da aka yi wa ɗan gajeren horo suna iya ɗaga karatun yara cikin 'yan makonni. An riga an yi amfani da wannan hanya da Hausa a wasu makarantun gwamnati a arewacin Najeriya.

Yadda za mu shirya ajin karatu na hutu

Mu fara da gwaji tun kafin a rufe makaranta. A zauna da kowane yaro shi kaɗai, minti biyar, ba a gaban 'yan'uwansa ba. A nuna masa baƙaƙe, sa'an nan kalmomi, sa'an nan jimloli huɗu, sa'an nan ɗan labari. Inda ya tsaya nan ne rukuninsa. Za mu sami rukuni biyar: wanda bai san baƙi ba tukuna, mai baƙi, mai kalma, mai jimla, da mai labari. A rubuta sakamakon a littafi, domin a sake gwajin a ƙarshen hutu.

Mu zaɓi lokacin da ba zai yi karo da gona ba. A ƙauye yamma ta fi, bayan an dawo daga aiki. Awa ɗaya, kwana huɗu ko biyar a mako, ta fi yini guda cur ranar Asabar, domin karatu kamar ban ruwan shuka ne, kaɗan-kaɗan kullum yake so. Kada rukuni ya wuce yara goma ga malami ɗaya.

Mu raba awar kashi uku. Minti goma sha biyar malami ya karanta labari da murya mai daɗi, yana tsayawa yana tambaya: wa ya yi wannan, me kuke zato zai faru? Minti ashirin da biyar kowane rukuni ya yi aikinsa. Masu baƙi su haɗa gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, su gina kalmomi da katin kwali, su koyi bambanta b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Masu jimla da masu labari su karanta bibbiyu, su maimaita shafi ɗaya har ya sauka a bakinsu ba gargada. Minti ashirin na ƙarshe kowa ya yi rubutu, ko da jimla ɗaya ce a kan abin da ya gani a hanya.

Mu fara da harshen da yaro ya fi ji. Rubutun Hausa yana bin furuci kusan baƙi da baƙi, don haka yaron da ke jin Hausa yakan kama dabarar karatu da sauri a cikinta, daga baya ya ɗauki dabarar ya kai Turanci. Inda yara suka fi jin harshen gida, kuma akwai abin karantawa a cikinsa, a yi amfani da shi.

Littattafai fa? A yi sanarwa a sujada kowane gida ya kawo tsofaffin littattafan firamare da na labaru. Zumuntar mata su ba da tatsuniyoyi da labarun gari, matasa masu kyakkyawan hannu su rubuta su da manyan baƙaƙe a gajerun jimloli, a ɗinke da zare. Labarin Yusufu, na Rut, na Dawuda da Goliyat, duk ana iya sake faɗinsu cikin jimloli goma masu sauƙi. A bar yaro ya zaɓi wanda zai tafi da shi gida a cikin leda saboda ruwa. Don a san ko littafi ya fi ƙarfinsa, ya karanta shafi ɗaya yana lanƙwasa yatsa a kan kowace kalmar da ta gagare shi. Idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, a ba shi mai sauƙi.

Malamai suna nan a cikinmu: malaman makaranta da su ma suke hutu, waɗanda suka yi ritaya, ɗaliban da suka gama sakandare suna jiran sakamako, da malaman Makarantar Lahadi. Horon kwana biyu ya isa a fara. Idan ikilisiya tana yin Makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, ana iya haɗa su, amma mako ɗaya ba zai isa karatu ba, sai an ci gaba har hutu ya ƙare.

Abubuwan da za mu kiyaye

Kada a yi bulala, kada a kira yaro daƙiƙi, kada a tsayar da shi a gaban jama'a ya karanta abin da ya fi ƙarfinsa. Yawancin waɗannan yara sun riga sun sha kunya a makaranta, kunyar ce ma take hana su gwadawa. Ɗan shekara goma sha biyu da ya faɗa rukunin masu baƙi a haɗa shi da tsaransa, kada a zaunar da shi cikin 'yan shekara shida.

Kada a karɓi kuɗi, ko na rajista ne, domin naira kaɗan ta isa ta tsayar da yaron da muka fi nema. Idan akwai hali, kofin kunu ko dafaffiyar masara kafin a fara zai taimaka ƙwarai, gama yunwa ba ta barin yaro ya natsu. Manya biyu su kasance a wurin kullum, a yi aji a fili inda kowa ke gani, a sallami yara da sauran haske.

Idan maƙwabta waɗanda ba Kirista ba suka so kawo 'ya'yansu, mu karɓe su da murna, mu kuma faɗa wa iyayen gaskiyar abin da ake karantawa, mu girmama abin da suka amince da shi. Taimakon da aka ɓoye wata manufa a bayansa yakan ɓata zaman unguwa.

Iyayen da ba su iya karatu ba su ma suna da rabo a aikin. Uwa tana iya cewa, "Zo ka karanta mini ina tankaɗe," ta saurara, ta tambaye shi abin da ya faru a labarin. Minti goma na irin wannan kowace rana ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma yaro ya yi makonni yana ƙoƙari babu motsi, a duba idonsa da kunnensa a asibiti, a kuma sanar da malaminsa idan an koma makaranta.

Daga ina za mu fara?

Wannan Lahadi, dattawa da malaman Makarantar Lahadi su zauna bayan sujada su amsa tambayoyi uku. Yara nawa ne a cikinmu daga shekara bakwai zuwa goma sha uku? Nawa ne cikinsu za su iya karanta jimloli huɗu su faɗi abin da suka karanta? Su wane ne mutum biyar da za su ba da awa ɗaya a rana har makonni shida? Ba kowane yaro ne zai kai matakin labari a hutu ɗaya ba. Amma wanda ya shigo bai san baƙi ba ya fita yana haɗa kalma, ya koma makaranta a Satumba da abin da zai ɗora a kai, wata rana kuma zai buɗe Maganar Allah ya karanta wa kansa. Ubangiji ya ba mu zuciyar zama kusa da waɗannan ƙanana. Amin.