Gwafa da Gammo a Bakin Mangaza

Wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge a watan Fabrairu ko Maris, da ya wuce Baleyara ya shiga ƙasar Imanan, zai ga buhunan dankalin turawa jibge a bakin titi suna jiran mota. Wata rana na tsaya a Bonkuku ina kallon ana lodi. Samari biyu su kama buhu, su yi lilo da shi, su cilla sama, na kan mota ya tare da gwiwa, ya taka shi da ƙafa ya cusa a lungu. Duk buhun da ya faɗi sai na ji ƙarar a ƙirjina, don na san abin da ke ciki. Wahalar wata uku ce, ban ruwa safe da yamma cikin sanyin hunturu, ga kuɗin iri da ya ƙetaro teku daga Turai, galibi da bashi. Shi kuwa dankalin da ya bugu ba ya nunawa a ranar. Sai bayan kwanaki, can a kasuwar Yamai, tabon ya yi baƙi, ya fara ruwa, ɗaya ya lalata goma da ke kusa da shi.

A gidan da na tashi ko zangarniyar hatsi ba a jefawa. In kakata ta ga yaro ya wurgo dami daga kan amalanke, sai ta ce, "Kai, mai gidana, uwarka ce ka jefar? Sauke shi da hannu biyu." Muna dariya a lokacin. Sai da na girma na shiga manyan mangazu, inda ake tara abinci tan ɗari-ɗari, na gane cewa dokokin da ake rubutawa a bangonsu da Faransanci, tsohuwar nan ta san su duka, kuma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Ɗauki rumbu. A Adar rufewar laka ake ginawa bisa duwatsu. A nan cikin Dallol Boso, inda rairayi ya yawaita, rumbun zana ake yi, a kafa gwafanni, a gicciya itace, a ɗora gindin rumbun can sama har kaza ta samu inuwa a ƙarƙashi. Dalili uku ne, kuma kowane manomi ya san su: raɓar ƙasa, gara, ɓera. To abin da ake kira palet a mangaza, wato dakalin katakon nan da ake jera buhuna a kai, aikin gwafa yake yi. Siminti yana da sanyin da ido ba ya gani, yana tsotso damshi daga ƙasa ya miƙa wa buhun da ke kwance a kansa. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun ƙarshe na wani jeri ya tarar da gindinsa ya dunƙule ya yi fumfuna, ya san zancen. A Turai, tun 1961 kamfanonin jirgin ƙasa suka daidaita a kan palet guda, santimita 80 a 120, mai ɗaukar kilo 1,500, domin ya shiga kowane tarago da kowace mota. Mu a nan ba sai mun kai ga wannan ba. Kowane kafinta a Filinge zai iya haɗa shi, in an ba shi katako da awo.

Sauran dokokin ma haka suke. Ana cewa a bar tazarar mita guda tsakanin buhuna da bango, kada jeri ya taɓa rufi, domin iska ta zaga, mai gadi ya zaga, a ga kashin ɓera tun bai yi iyali ba. Ai shi ne sharar da ake yi wa kewayen rumbu, da nisanta shi daga darni. Ana cewa abin da ya fara shiga shi zai fara fita. A gida ba a zuba sabo bisa tsoho: in kaka ta yi, sai a kwashe ragowar bara, a kakkaɓe rumbun, a gyara jinka, sannan sabon hatsi ya shiga, tsohon kuma shi za a fara kaiwa turmi. Ana rataya kati a jikin kowane jeri, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai gida kuwa ya san dami nawa ya zuba, ya san nawa ake ci a mako, tun watan sanyi yake lissafin ko zai kai shi ga sabon ruwa.

Ko zancen makulli ba baƙo ba ne. Rumbun mai gida ba kowa ke leƙa shi ba, shi ke hawa ya fitar da na yini. Da hukumar FAO ta kawo tsarin warantaj Nijar wajen 1999, inda manoma ke ajiye amfaninsu a mangaza su karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi, abin da ya sa mutane suka amince shi ne kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashin. Babu mai buɗewa sai ɗaya na tsaye. Mutanen ƙasar nan suna da dalilin yin taka-tsantsan da rumbun da ba na gida ba. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa a yammacin Nijar, Turawan mulkin mallaka sun tilasta rumbun tsimi a ƙauyuka, hatsi naka amma izinin buɗewa na wani, kuma tsofaffi ba su tuna abin da daɗi. Gwamnati ta kafa OPVN a 1970 domin ajiyar cimaka ta ƙasa, kuma wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ba zai raina amfanin mangaza cike da hatsi ba. Amma amana ita ce ginshiƙin farko, kafin siminti da kwano.

Inda mangaza ta rabu da rumbu, kuma nan ne abin ya fi damuna, shi ne wajen nauyi.

Duk kayan ɗaukar da muka gada, da jikin mutum aka auna su. Ba a ɗaure damin da namiji ɗaya zai kasa ɗorawa a kai. Tulu daidai wuyan mai ɗebo ruwa yake. Mangala an raba ta biyu domin jaki ya samu daidaito, in gefe ɗaya ya rinjaya a sa dutse a ɗayan. Ga kuma gammo, ɗan tsumman nan da ake naɗewa, wanda a ganina babu na'urar ɗaukar kaya da ta fi shi hikima a kan kuɗinta: yana baza nauyi a duk faɗin kai, ya miƙar da shi ta ƙashin baya har ƙasa. Shi kuwa buhun hatsi mai kilo 100, tiya wajen 40, da mota da ɗan kasuwa aka auna shi. Ba a tambayi bayan kowa ba. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Ƴan dakonmu kusan ninkin haka suke saɓawa, su taka katako mai lilo su hau tirela, su sauko, su koma, tun hantsi har la'asar, kuma da buhu ake biyansu, saboda haka hutu asara ne.

Na san wani dattijo da ya yi wannan aiki tun yana saurayi. Yanzu a zaune yake salla. Na taɓa ce masa, "Baba, da me ya kamata a taimaka muku?" Na zaci zai ce kuɗi. Sai ya ce, "Ɗana, da ƙofar mangazar ta kai tsayin mota, da ban tsufa da wuri ba." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan babbar mota ya ɗara mita guda daga ƙasa. In aka gina dakali a bakin mangaza daidai wannan tsayin, mota ta ja da baya ta manne da shi, to hawa ya ƙare, sai turawa. Baro mai ƙafa biyu zai kwashi buhu biyu a tafiya ɗaya. Akwai kuma ƙaramin keken hannu mai yatsu biyu da ake zurawa ƙarƙashin palet, a buga hannunsa kamar famfon rijiya, ya ɗaga tan 2 mutum ɗaya ya ja. Ba ya shan mai, ba ya neman lantarki, daɓen siminti mai santsi kawai yake so.

Muna alfahari da dalar gyaɗa ta Kano ta zamanin da, ana cewa a lokacin guda tana cin buhu 15,000, kuma abin alfahari ce. Sai dai duk hoton da na gani, idona kan tsaya ne ga mutanen da ke hawa da buhu a ka.

Ba ina cewa a kawo mana motar ɗaga kaya mai ƙaho biyu ba, irin wadda ake gani a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome. Ita tana da wurinta, inda kwantena ke sauka dare da rana. A mangazar ƙauye za ta nutse a rairayi, ranar da ta lalace kuma sai an jira kayan gyara daga Yamai, ga ƴan dako ashirin da za ta raba da abincinsu. Abin da nake so shi ne mutanen nan su ci gaba da aikinsu, amma su kai tsufa da bayansu a miƙe. Shinkafa da taki da siminti duk a buhun kilo 50 suke zuwa, kasuwarsu ba ta mutu ba. Ban ga abin da zai hana hatsi da masara su bi sahu ba, in manyan masu saye suka ce haka suke so.

Sai dai in aka dawo kan dankali, ilimin rumbu yana da iyaka, kuma gara a faɗa. Hatsi dattijo ne. In ya bushe a zangarniyarsa sai ya yi barci, ya shekara biyu ko uku bai dami kowa ba. Wake ma an samo dabararsa: buhun PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007 tare da masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maradi, yana hana ƙwaro iska har ya mutu ba tare da magani ba. Dankali kuwa jariri ne. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, yana numfashi, yana fitar da zafi da gumi. Ka rufe shi kamar wake, ya ruɓe. Ka bar shi a haske, fatarsa ta yi kore, koren nan kuma alamar guba ce. Ka tara shi da yawa a buhu, na ƙasa ya mutsuke. Ƙasar Imanan ta san noman dankali tun shekarun 1950, ya kuma bunƙasa bayan farin 1984 da gwamnatin Seyni Kountché ta dage kan noman rani, domin ruwa a dallol kusa yake, rijiya ba ta da zurfi. An ƙware a noma. Ajiya ce ta rage a baya. Kowa yana tono a lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga watan Afrilu na tafe da zafin da ke wuce digiri 40. Manomi ba ya iya cewa zan jira, ɗan kasuwa kuma ya san haka tun kafin ya buɗe baki.

Ɗakin sanyi mai lantarki shi ne cikakken magani, kuma da hasken rana irin namu ba mafarki ba ne. Amma kafin a kai can, akwai darasi a kusurwar ɗakin kowace uwa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafowa, iska ta busa ta tafi da zafin, shi ya sa ake ɗora ta a kan jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Da wannan dabarar Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya ajiye kayan miya kwanaki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ɗakin dankali randa ce babba: bangon laka mai kauri, rufin ciyawa ko rufi biyu, ƙananan tagogi a ƙasa da sama da ake buɗewa da dare a rufe da rana, duhu a ciki. A daina ban ruwa kwanaki kafin tono, a bar shi a inuwa kwana 10 zuwa 14 fatarsa ta yi ƙwari raunukansa su warke, a tsince mai tabo, a zuba sauran cikin akwatuna masu huji da ake ɗora wani kan wani, ta yadda akwati ke ɗaukar nauyin akwati, dankalin ciki kuwa yana hutawa. Duk mako a shiga a duba, kamar yadda ake leƙa mai jego. Wannan ba zai kai shi damina ba, amma makonnin da zai ƙara su ne ke ba manomi bakin yin ciniki.

Akwatin yana da wani alheri kuma. Cikakke bai wuce abin da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu biyu ba, kuma ba ya cilluwa, dole a miƙa shi hannu da hannu.

Kafin in bar Bonkuku a ranar, na ga wata mata ta zo da kwando tana tsintar dankalin da ya zubo daga wani buhu da ƙugiya ta yaga. Tana ɗauka tana juyawa, tana goge ƙasar da bakin zanenta, mai rauni gefe guda, lafiyayye gefe guda. Da ta gama ta naɗa gammo, ta ce wa ɗaya daga cikin samarin, "Ɗan nan, zo ka ɗora mini." Ya bar buhun da ke hannunsa, ya sunkuya, ya ɗaga kwandon a hankali ya aza mata.