Yadda Ake Saita Wuƙar Filen: Bayani Ga Kafintocin Karkara Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

A yankin Funtua da Malumfashi, da zarar an kawar da amfanin gona, masara da auduga sun shiga kasuwa, sai aiki ya yi wa kafintoci yawa: ƙofofi da tagogi, gadajen amare, gyaran amalanke, da kuma bencina da teburan makarantun firamare. Da yake wutar lantarki ba ta wadata a ƙauyuka ba, yawancin wannan aiki da magogin katako na hannu ake yin sa, wanda kafintoci ke kira filen. Sau da yawa idan aiki ya fito da kaushi akan ɗora laifin a kan katako ko arahar filen, alhali kuwa wuƙar ce ba a saita ta daidai ba.

Filen ɗin ƙarfe da ke kasuwanninmu, ko daga ina aka shigo da shi, galibi kwaikwayo ne na ƙirar wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey, wadda kamfanin Stanley ya saya a 1869. Saboda haka wannan bayani ya shafi mai lamba 4 da mai lamba 5 baki ɗaya.

Da farko a wasa wuƙar a kan dutse da ɗan mai, a karkace kimanin digiri 30, domin dakusasshiyar wuƙa ba ta saituwa. Daga nan sai a ɗaura mata abokin aikinta, wato ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da ke kwanciya a bayanta. A bar tazarar kamar milimita 1 tsakanin bakinsa da kaifin wuƙa, ko ƙasa da haka idan katakon mai gardama ne irin maɗaci. Lallai ne ya manne sosai, domin in akwai ɗan giɓi, ɓawon katako zai cusa ya toshe bakin filen. A mayar da su mazauninsu, gefen da aka wasa yana kallon ƙasa, sannan a danne makulli. Idan sai da guduma makullin zai rufu, to an cika ɗaure kusar tsakiya.

A nan ne almajiran kafinta suka fi yin garaje. A kife filen, a hangi ƙasansa daga gaba ta wajen haske. A juya ɗan zoben da ke gaban mariƙi har wuƙar ta ɓuya, sannan a riƙa juya shi dama a hankali har ta leƙo kamar baƙin zare. Ya kamata juyin ƙarshe ya kasance na turo wuƙa waje, domin zoben yana da ɗan sako-sako, kuma in an tsaya a kan juyin baya, wuƙar za ta koma ciki da an fara aiki. Idan zaren ya fi kauri ta gefe guda, sai a tura siririn ƙarfen da ke bayan wuƙa zuwa wannan gefen har ya daidaita. A gwada a kan guntun katako: ɓawon ya fito siriri kamar takarda, da kauri ɗaya dama da hagu. Masu fito da wuƙa da yawa don aiki ya yi sauri, ƙarfinsu da katakonsu kawai suke ɓarnatarwa, ga shi katako ya yi tsada.

Shi kuwa filen ɗin itace da 'yar guduma ake saita shi. A ƙwanƙwasa kan wuƙa ta fito, a bugi bayan filen ta koma, sannan a ƙara danna itacen da ke riƙe da ita. A lokacin hunturu itacen yakan bushe ya saki, don haka a duba shi kowace safiya. Haka kuma a cire tsoffin ƙusoshi kafin a goge katakon da aka taɓa aiki da shi.

Ana kira ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu masu karɓar kayan kwangila da su shafa saman tebur da tafin hannu, su kuma dube shi ta gefe a cikin haske kafin su sa hannu a takarda. Layuka masu tudu alama ce ta karkatacciyar wuƙa, ramuka da sartse kuwa na nuna dakushewa ko zurfin yanka. Irin wannan benci shi ke yaga rigunan yara, ya kuma soke su a hannu, kuma gyaransa bai wuce a sake saita wuƙa a bi ta kansa ba kafin a shafa fenti.