Satar Keke da Hukuncin Taron Jama'a: Shin Akwai Hujjar Dukan Ɓarawo?

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata al'ada da ta zama jiki a kasuwanninmu da tashoshin motocinmu, watau rufar wa wanda ake zargi da satar keke da duka, wani lokaci har ya rasa ransa. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce, shin wannan aiki yana da hujja ta fuskar doka, ko ta shari'ar Musulunci, ko ta amfanin jama'a? Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, kama ɓarawo hakki ne na kowane mutum, amma hukunta shi aikin alƙali ne kaɗai, kuma rikita waɗannan abubuwa biyu shi ne tushen ɓarnar.

2.0 Matsayin Keke ga Talaka

Kafin a yanke wa masu duka hukunci, ya kamata a san abin da ke ƙona musu rai. Tun zamanin da kamfanin Raleigh yake harhaɗa kekuna a Kano, keke ya kasance dukiya ta farko mai tsoka da talaka yake mallaka. Da shi manomi ke kai taki gona, da shi mai itace da mai burodi suke cin abinci, da shi ɗalibi ke isa makaranta daga ƙauye. Bayan da gwamnati ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama da suka saba hawa babur sun koma wa keke. Saboda haka wanda ya saci keke sau da yawa jarin gida guda ya ɗauke.

Daɗin daɗawa, keke kaya ne mai gudu da ɓarawonsa. Ana iya hawa shi a ɓace cikin minti ɗaya, a wargaza shi cikin sa'a guda, a sayar da taya daban, sirdi daban, ko a sake masa fenti a kai shi kasuwar wani gari. Mai keke kuwa da wuya a same shi riƙe da rasit ko lambar da ke jikin ƙarfen. In ya kai ƙara, yakan ga wahalar zirga-zirga ta fi kuɗin keken.

3.0 Hujjojin Masu Goyon Bayan Duka

Ana iya taƙaita hujjojinsu zuwa uku. Ta farko, sukan ce in an miƙa ɓarawo ga hukuma, kafin mai kaya ya isa gida an ba da belinsa. Ta biyu, sukan ce duka a bainar jama'a yana tsorata sauran ɓarayi. Ta uku, sukan kafa hujja da karin maganar nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, watau wanda aka kama yau yana biyan bashin duk satar da aka yi a unguwar ne.

Hujja ta farko tana da ƙamshin gaskiya, gama jinkirin shari'a da ƙarancin 'yan sanda a karkara abubuwa ne da kowa ya sani. A da, mai unguwa da dagaci da 'yan doka na En'e suna kusa da talaka, amma tun da aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, hukuma ta yi wa mutumin ƙauye nisa. To, amma gazawar hukuma hujja ce ta neman gyara ta, kuma za mu ga cewa ba ta kai ta halatta zubar da jini ba.

4.0 Abin da Dokar Ƙasa ta Tanada

Kundin Final Kod na 1959, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960, jihohi kuma suka gaje shi, wasu da gyare-gyare, ya bayyana sata a sashe na 286. Sashe na 287 ya tanadi ɗauri wanda bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyun. Ke nan ko alƙalin da ya saurari shaidu ya tabbatar da laifi ba shi da ikon taɓa ran ɓarawon keke, balle ɗan kallo da ya tsinci maganar a bakin kasuwa.

Gaskiya ne cewa kundin ya amince da hakkin mutum na kare kansa da dukiyarsa, tun daga sashe na 59 zuwa gaba, haka kuma sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kare dukiya. Amma an gindaya sharuɗɗa. Kada cutarwar ta wuce gwargwadon abin da kariyar ke bukata, kuma kisa saboda dukiya sai a irin halin fashi, ko fasa gida da dare, ko inda ake tsoron rasa rai ko mummunan rauni. Mai keke na iya bin ɓarawo, ya riƙe shi, ya ƙwace kayansa da ƙarfi. Da zarar ɓarawo ya shiga hannu, an ɗaure shi ko an kewaye shi, kariya ta ƙare, duk dukan da ya biyo baya ramuwa ce.

Har ila yau, doka ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mai laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta maimaita wannan. Sashe na 36 na Tsarin Mulki kuwa ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. In wanda ake zargi ya mutu, sashe na 221 na Final Kod, mai hukuncin kisa, na iya hawa kan masu dukan, kuma bisa sashe na 79 duk wanda ya sa hannu da niyya ɗaya ana ɗaukarsa tamkar shi kaɗai ya aikata. Yawan jama'a ba ya raba laifi gida-gida ya ƙanƙanta shi.

5.0 Abin da Shari'ar Musulunci ta Tanada

Wasu kan zaci tsananin haddin sata ya ba su lasisin duka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun nuna akasin haka. Ba a tsayar da haddi sai abin da aka sata ya kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami uku, an kuma ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, sa'an nan laifin ya tabbata da shaidu biyu adalai ko da iƙirarin mai laifi. Shubuha tana kawar da haddi, shi ya sa Halifa Umar bai zartar da shi ba a shekarar yunwa. Ko keken da aka jingine a bakin hanya yana cikin ma'ajiya ko ba ya ciki, wannan magana ce da alƙali zai auna, taron kasuwa ba shi da lokacinta.

Bugu da ƙari, malamai sun tafi a kan cewa tsayar da haddi na shugaba ne ko wakilinsa. A shekarar 2001 an yanke hannun wani mutum a Jihar Zamfara saboda satar kekuna. Duk da muhawarar da hukuncin ya jawo a ciki da wajen ƙasa, ta hannun kotu ya bi, kuma an bar masa ransa. Wanda ya kashe ɓarawon da ke ɗaure ya wuce haddin da yake iƙirarin karewa, ya kuma jawo wa kansa maganar ƙisasi ko diyya.

6.0 Haɗarin Kuskure da Yaɗuwar Fitina

Babban aibin hukuncin taro shi ne ba ya bincike. Kekunan Phoenix baƙaƙe sun yi kama da juna, mutum na iya ɗaukar na wani a ƙofar masallaci bisa kuskure, ko ya ari na ɗan'uwansa, ko ya saya da kuɗinsa bai san na sata ba ne. Mai bin bashi ko mai gaba ma na iya kurma ihun "ɓarawo!" don ya huce haushi. Wanda ya fi faɗawa cikin wannan tarko shi ne baƙo, da almajiri, da mai taɓin hankali, watau waɗanda ba su da mai tsaya musu. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Misalan da suka fi shahara ba na keke ba ne, amma hanyar da suka bi ɗaya ce, ihu, taro, duka, sai gawa. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata wanda bai tabbata ba, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. A Gana, a 2017, mutanen wani gari sun kashe wani hafsan soja, Maxwell Mahama, suna zaton ɗan fashi ne, a 2024 aka ɗaure mutum 12 rai da rai. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun tare motarsu suna zarginsu da garkuwa da mutane. Ƙungiyar Amnesty International, a rahotonta na 2024, ta ƙirga aƙalla mutum 555 da irin wannan fitina ta rutsa da su a Nijeriya tsakanin 2012 da 2023. Wanda ya yi alhinin Uromi ba shi da bakin yabon abin da ake yi wa ɓarawon keke a unguwarsa, gama ƙa'idar da ta halatta wannan ita ce ta halatta wancan.

Maganar tsoratarwa ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. An daɗe ana duka, sata ba ta ƙare ba, domin ɓarawo yana auna yiwuwar kama shi ne, kuma ya san mafi yawan lokaci ba a kama shi. Kashe shi kuma yana toshe hanya ɗaya da za a bi a gano mai saye da inda sauran kekuna suka shiga. Abin da ya faru a Zamfara ishara ne, inda kashe-kashen da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa waɗanda ake zargi da satar shanu ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya.

7.0 Shawarwari

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Satar keke tana rayuwa ne da kasuwar kayan sata, saboda haka can ya kamata a karkata ƙarfi. Sashe na 317 na Final Kod ya tanadar wa mai karɓar kayan sata ɗaurin da zai iya kai shekara 14, fiye da na ɓarawon kansa. Ana ba da shawara kamar haka. Na ɗaya, ƙungiyoyin dillalan kekuna da masu gyara su riƙe littafin da ake rubuta lambar kowane keke da sunan mai sayarwa da na shaidarsa. Na biyu, ƙananan hukumomi su farfaɗo da rajistar keke irin ta zamanin En'e, ba don haraji ba, don tantance mai shi. Na uku, a tanadi wurin ajiya mai gadi a kasuwanni da makarantu da masallatan Juma'a. Na huɗu, a koya wa 'yan sintiri iyakar ikonsu, a kuma ɗora wa sarkin kasuwa da mai unguwa nauyin tsare wanda aka kama har hukuma ta iso. Na biyar, kotuna su hanzarta ƙananan shari'o'in sata, a mayar wa mai kaya kayansa da wuri. Na shida, mu malaman kwalejojin ilmi mu shigar da wannan bayani cikin darussan zaman jama'a, tun da ɗalibanmu su ne za su koyar da yaran gobe.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan takarda ta nuna cewa fushin wanda aka sace wa keke yana da dalili, kuma yana da hakkin ya bi ɓarawo, ya kama shi, ya karɓi kayansa. Daga nan ikonsa ya tsaya. Dokar ƙasa da shari'ar Musulunci sun haɗu a kan cewa hukunci na bayan bincike ne, kuma na alƙali ne. Ana fata masu nazarin shari'a da na halayyar zaman jama'a da ke wannan taro za su zurfafa bincike a kan kasuwar kayan sata, wadda ita ce ke ciyar da wannan matsala.