Zaiba ba ta mayar wa farin gwal haskensa

Saƙon da ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na matan adashi, wanda ke iƙirarin tona asirin masu wankin gwal, ya cakuɗa gaskiya da ƙarya a wuri guda, kuma wannan cakuɗawar ce ta sa ya samu karɓuwa a wajen matan da sarƙa da awarwaro ba ado kawai ba ne a gare su, ajiya ce ta ranar buƙata. Biyu daga cikin zantukansa ba su cancanci dogon bayani ba. Maganaɗisu ba ya tabbatar da gwal, domin tagulla ma ba ta manne masa, shi kuwa man goge baki kankare fuskar kayan yake yi, ba wanke ta ba.

Batun cewa duk farin zoben da ya fara komawa rawaya jabu ne, kuskure ne da ya samo asali daga rashin sanin yadda ake yin farin gwal. Zinare tsantsa, wato mai karat 24, rawaya ne, kuma yana da taushin da bai dace da amfanin yau da kullum ba, shi ya sa ake gauraya shi da wasu ƙarafa. Lambar 750 da ake bugawa a jikin zobe tana nufin kashi 750 cikin dubu zinare ne, wato karat 18, kamar yadda 875 ke nufin karat 21, 916 kuma karat 22. Idan aka gauraya zinaren da fararen ƙarafa irin su nikel ko faladiyom, launinsa yakan kwanta ya koma fari mai ɗan ratsin rawaya, sannan a lulluɓe shi da rodiyom, wani farin ƙarfe mai tsada daga dangin filatinom wanda akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Ana yin lulluɓin ne ta hanyar tsoma kayan cikin ruwan da aka narkar da gishirin ƙarfen, a bi da wutar lantarki marar ƙarfi ta cikinsa har ƙarfen ya manne, kuma kaurinsa galibi bai kai maikuron guda ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashi ya ninka haka sau hamsin ko fiye. Abin da bai kai wannan kauri ba dole ya goge da wanke-wanke da gumi da gogayyar yatsu, zobe ya riga ɗan kunne koɗewa, kuma maganin abin shi ne a mayar wa maƙeri ya sake yi masa ruwa.

Inda saƙon ya zama haɗari shi ne shawarar da ya bayar cewa a fasa ma'aunin zafin jiki na gilashi, a shafa zaibar da ke ciki a jikin zoben, wai farinsa zai dawo ba tare da an biya ko sisi ba, sannan idan ya yi dabbare-dabbare a ɗora shi kan wuta ya daidaita. Mai gwadawa za ta ga zoben ya yi fari nan take, kuma ba laifinta ba ne idan ta gaskata idonta. Sai dai abin da ya faru ba lulluɓi ba ne, zaiba narkar da zinare take yi ta shige cikinsa, ta samar da gaurayen da ke dushewa daga baya, ta kuma raunana ƙarfen har siraran wurare, irin ƙafafun da ke riƙe dutsen zobe, su iya tsagewa. Wannan ɗabi'a tata ta haɗiye zinare ita ce dalilin da ya sa masu haƙar gargajiya a Zamfara da sauran wurare suke amfani da ita wajen tsamo ƙwayoyin zinare daga niƙaƙƙen dutse.

Asarar zobe ƙarama ce idan aka gwada ta da abin da ke samun mutanen gidan. Zaiba tana fitar da tururi ko a zafin ɗaki, tururin da ba shi da launi balle wari, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na wanda aka shaƙa yana ratsa huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kuma tsallaka mahaifa ya sami ɗan tayi. Daga alamominta akwai karkarwar hannu, da kumburin dasashi, da rashin barci, da sauyin hali, alamomin da cikin sauƙi za a jingina su ga wani ciwon daban. Ɗora ta kan wuta kuwa yana sakin dukanta cikin iska a ɗan lokaci, domin tana tafasa a digiri 357, zafin da harshen wutar girki ya zarce nesa ba kusa ba, kuma likitoci sun sha ganin waɗanda huhunsu ya lalace har suka rasu bayan ƙona gaurayen zaiba da zinare a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaiba cikin sinadarai goma da suka fi barazana ga lafiyar jama'a, kuma Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, ta tanadi a daina ƙera irin wannan ma'aunin zafi da saƙon ke cewa a fasa. Duk wanda ya tura wannan shawara zuwa zauren da ke cike da masu ciki da masu goyo, ba tare da ya tambayi ko maƙeri guda ba, ya yi ganganci da rayukan da ba nasa ba, kuma cewa "turo mini aka yi" ba ta wanke shi.

Abin lura shi ne, an taɓa yin ruwan zinare da zaiba, ana shafa gaurayen a jikin tagulla a ƙone zaibar ta tashi, kuma sana'ar ta ci rayukan masu yinta a Turai. Luigi Brugnatelli ɗan Italiya ya gwada yi da lantarki a 1805, sannan 'yan gidan Elkington na Birmingham a Ingila suka yi rajistar hanyar a 1840, daga nan tsohuwar ta fara mutuwa. Ita ma sabuwar ba aikin gida ba ce, domin ruwan rodiyom yana ɗauke da asid mai ƙarfi, na zinare kuma galibi yana da sayanid, guba mai kisa.

Zargin da saƙon ya yi cewa wanki yana rage nauyin gwal yana da ƙamshin gaskiya, domin gogewar da ake yi kafin lulluɓi tana cire ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma akwai haɗin asid iri biyu da ke narkar da zinare, wanda maha'inci zai iya amfani da shi. Wannan ba hujja ba ce a kan maƙera baki ɗaya, kuma abin da ke raba gardama shi ne a auna kayan a gaban mai su, a rubuta giram, kafin aiki da bayansa.

Wadda ta riga ta gwada zaibar ta cire zoben ta rufe shi cikin kwalba mai murfi, ta fitar da yara ta buɗe tagogi, ta tattara ɗigon da ya zube da kwali ba da tsintsiya ba, domin shara tarwatsa shi take yi. Idan ta kai wa maƙeri ta gaya masa abin da ya taɓa zoben kafin ya kusantar da shi ga wuta, idan kuma an riga an ƙona shi a cikin ɗaki, duk wanda ke wurin ya ga likita ya ambaci zaiba da sunanta.