Yadda Ake Daidaita Taimin na Tsohuwar Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Gabatarwa

Da kaka, manomin Dapchi kan dogara ga tsofaffin motoci wajen kai gero, wake da riɗi kasuwannin Gashuwa da Nguru. Idan mota ta mutu a cikin yashi, ranar kasuwa ta wuce ka. Sau da yawa laifin na taimin ne, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Wannan bayani ya shafi injin fetur mai distiributa da kwantak ne kawai. Injin dizal, kamar na Mercedes 911 ko na tarakta, ba shi da irin wannan fulogi. Nasa sai ƙwararren mai gyaran famfo.

Alamomin Matsala

Ana so wutar ta kama jim kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan ta yi gaggawa, za ka ji injin yana ƙwanƙwasa in an yi lodi, kuma yana turjewa wajen tayarwa. Idan ta makara, mota za ta rasa ƙarfi, ta sha mai, lagireto ya riƙa tafasa.

Matakan Aiki

1. Ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi, ka kashe makulli.
2. Ka fara daidaita buɗewar kwantak, galibi kusan milimita 0.4, domin canza ta yana canza taimin.
3. Ka cire fulogin silinda ta ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsa. A juya injin da hannu har ka ji iska tana turo yatsan.
4. A ci gaba da juyawa a hankali har alamar da ke jikin fuli ta yi daidai da digirin da kamfani ya ƙayyade, yawanci 5 zuwa 10 kafin ƙololuwa.
5. Ka haɗa ƙwan fitila mai bolt 12 tsakanin wayar da ta taso daga koyil zuwa distiributa da jikin injin. Ka zare babbar wayar koyil, sannan ka buɗe makulli.
6. Ka sassauta notin distiributa, ka juya ta inda rota ke juyawa har fitila ta mutu. Sai ka dawo da ita sannu a hankali. Da zarar fitila ta kama, ka tsaya, ka ɗaure noti, ka kashe makulli don kada koyil ya yi zafi.
7. Ka mayar da wayoyi bisa tsari: a yawancin injuna 1-3-4-2 ga silinda huɗu, 1-5-3-6-2-4 ga shida.

Gwaji

Ka gwada motar da lodi. In ta ƙwanƙwasa, ka ɗan juya distiributa inda rota ke juyawa.

Shawara ga Malaman Gona

Ku ja hankalin ƙungiyoyin manoma su duba taimin tun kafin girbi, su kuma riƙa share ƙurar hunturu daga murfin distiributa.